Hukuncin Wasan Karta da Kuɗi a Gida: Shin Ƙaramin Zubi Yana da Rangwame a Shari'a?

Tambaya

Malam, ni manomi ne a ƙasar Haɗejiya, ina noman shinkafa damina da rani. Muna da majalisa mu shida, tun muna samari muke tare, kuma idan aiki ya yi sauƙi mukan haɗu da dare a zauren ɗayanmu mu buga karta. Da Whot muke yi, ba ko sisi. Daga baya wani daga cikinmu da ya yi zaman Legas ya koya mana wani wasa mai suna foka, ya ce ba ya armashi sai da kuɗi. Yanzu mun rabu biyu: wasu suna so a tsaya a kan zubin naira 50 da 100, wasu kuma sun ce tunda an sayar da amfanin gona a ɗaga zuwa 500 da 1,000. Ni ina tare da masu ƙarami, don a ganina bai kai a kira shi caca ba, kuɗin shayi ne kawai. Shin akwai iyakar da shari'a ta yi rangwame a kanta? Wanne ya kamata in zaɓa? Sannan abokanmu suna cewa foka ƙwarewa ce ba sa'a ba, kuma wai noman fadama ma ai caca ne. Allah Ya saka da alheri.

Amsa a taƙaice

Duk wasan da 'yan wasa suka zuba kuɗi a cikinsa, wanda ya ci ya kwashe, wanda aka ci ya yi asara, caca ne, kuma haramun ne bisa nassin Alƙur'ani da ijma'in malamai. Babu bambanci tsakanin naira 50 da naira 50,000 wajen haramci. Kada ka zaɓi ko ɗaya daga cikin biyun.

Amsa dalla-dalla

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ɗan'uwa mai tambaya, Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka yi nisa.

Abin da malamai suke kira ƙimar ko maisir, mu kuma muke kira caca, shi ne mutum ya fitar da dukiyarsa ya shiga wata yarjejeniya wadda ƙarshenta ɗayan biyu ne: ko ya karɓi dukiyar abokin wasansa ba tare da ya ba shi komai a madadinta ba, ko kuma abokin ya karɓi tasa. Wannan siffa ita ce hukunci yake rataye da ita. Ba a duba da me aka yi wasan, wuri ne irin na kakanninmu, ko karta, ko ludo, ko wayar salula. Haka kuma ba a duba wurin da aka yi, gidan caca ne ko zauren mutumin kirki. Allah Maɗaukakin Sarki Ya fara yin magana a kan giya da caca a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, inda Ya bayyana cewa zunubin da ke cikinsu ya rinjayi ɗan amfaninsu. Sannan hukuncin ƙarshe ya sauka a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, aka haɗa caca da giya da gumaka da kiban ƙuri'a a wuri guda, aka siffanta su da ƙazanta ta aikin Shaiɗan, aka yi umarni da a nisance su. Ka lura da kyau, umarnin na nisanta ne. Wanda aka ce wa ya nisanci abu ba a bar masa zaɓi tsakanin kaɗan da mai yawa ba.

Magabata sun fahimci ayar a haka. Malaman tafsiri, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun kawo daga Mujahid da Aɗa'u da Ɗawus cewa kowane nau'in caca yana cikin maisir, har wasan da yara suke yi da 'ya'yan itacen jauz, wanda ya ci ya kwashe na abokinsa. Babu zubin da ya kai wannan ƙanƙanta. Kamar yaran unguwa ne yau da suke cin juna gyaɗa ko robar ɗaure kuɗi. Idan wannan ya shiga ƙarƙashin ayar, to naira 50 ba ta da ƙofar fita. Akwai kuma abin da ya fi haka ƙarfi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya kira abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka. Kira ne kawai, ba a zauna ba, ba a raba karta ba, ba a ambaci ko nawa ba, amma sai da aka nemi ya kankare maganar da sadaka. Da adadi yana da tasiri wajen halacci, da nan ne wurin da za a bayyana shi.

Kuma tunda Alƙur'ani ya gwama caca da giya, ka tuna ƙa'idar da ta tabbata game da giya a hadisin Jabir wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa duk abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Babu malamin da ya taɓa cewa cokali ɗaya na giya ya halatta don ba ya sa maye.

Shin ba a yafe ƙaramin abu a ciniki?

Wannan ita ce shubuhar da ta cancanci a tsaya a kanta, domin wanda ya ɗan yi karatu zai iya kawo ta. Gaskiya ne shari'a ta hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san ƙarshensa ba, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, kuma gaskiya ne malamai sun haɗu a kan cewa ɗan ƙaramin garari an yafe shi. Imam Nawawi ya kawo misalai: mai sayen gida bai ga tushen ginin ba, mai sayen tunkiya mai ciki bai san abin da ke cikin ba, amma cinikin ya inganta. Sai wani ya ce, to me ya hana a yafe ƙaramar caca kamar yadda aka yafe ƙaramin garari?

Amsar ita ce ƙanƙantar da malamai suke nufi a can ba ta adadin kuɗi ba ce. Suna nufin rashin sanin ya kasance ɗan ƙaramin ɓangare ne da ya biyo bayan ciniki ingantacce, kuma ba yadda za a yi a kauce masa. Gidan yana nan, tunkiyar tana nan, kowa ya tafi da abin da ya biya dominsa. Shi ya sa gidan naira miliyan 20 da ba a ga tushensa ba ya halatta a saya, alhali sayen kifin da yake cikin kogi ba a kama shi ba, ko da a kan naira 200 ne, bai halatta ba, domin a nan rashin sanin shi ne cinikin gaba ɗaya. Masunta da 'yan kasuwar kifi ta Haɗejiya sun san bambancin kwandon tarwaɗa da ke gabanka da kuma abin da koma za ta fito da shi gobe. A caca, idan ka cire rashin sanin wanda zai ci, babu abin da ya rage. Ba haja, ba aiki, ba lada. Saboda haka babu wani abu ingantacce da za a ce gararin ya biyo bayansa har a yafe shi.

Haka nan maganar cewa kowa ya yarda, ba wanda aka tilasta. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta kuma keɓe kasuwancin da aka yi bisa yarda. Yarda sharaɗi ce a cikin ciniki halattacce, ba ita ke mayar da haram halal ba. Mai karɓar bashi da ruwa shi ma da yardarsa ya sa hannu.

Game da cewa kuɗin shayi ne kawai, yana da kyau ka san irin cacar da Larabawa suke yi lokacin da ayar ta sauka. Mutum goma ne sukan haɗu a kan raƙumi, a yanka shi, a zuba kibau goma a jaka. Bakwai daga cikinsu suna da kaso, daga ɗaya har zuwa bakwai, jimla kaso 28, ukun da suka rage ba su da komai. Waɗanda kiban banza suka fito musu su za su biya kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa galibi ba sa cin naman, talakawa suke raba wa, har suna alfahari da hakan, suna zagin wanda ya ƙi shiga da cewa marowaci ne. To wannan cacar da ake ciyar da miskinai da ita, ita ce aka fara haramtawa. Don haka sharaɗin cewa wanda aka ci shi zai sayi shayi ko tsire ko lemo, kowa ya ci har da shi, bai fitar da wasan daga caca ba.

Zubin naira 100 ba naira 100 ba ne

Ko da mun ajiye hukunci gefe na ɗan lokaci, akwai abin da wanda ya koya muku wasan wataƙila bai yi muku bayaninsa ba. Foka ta samo asali ne a Amurka a farkon ƙarni na 19, kuma nau'inta da ya fi yaɗuwa yau shi ne wanda ake ba kowa karta biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya. Lambobi biyun da ake kiran wasan da su, kamar 50 da 100, ba su ne abin da mutum zai iya rasawa ba. Zubi ne na dole da mutum biyu suke ajiyewa kafin su ga kartarsu, kuma yana zagayawa kan kowa. Al'adar masu wannan wasa ita ce mutum ya zauna da ninki 100 na babban zubin. Ke nan a teburin 50 da 100 kowa zai ajiye naira 10,000 a gabansa, a teburin 500 da 1,000 kuwa naira 100,000. A nau'in da ba shi da iyaka, kowane ɗan wasa yana iya tura duk abin da ke gabansa a rabo ɗaya, kai kuma ko ka bi shi ko ka bar abin da ka riga ka zuba. Wanda nasa ya ƙare yakan sa hannu a aljihu ya sake ajiye wani.

Yi lissafin da kanka. Ku shida ne, kowane zagaye na rabo shida zubin dole zai ci maka naira 150 ko da ba ka buga komai ba. A ƙaddara ana raba karta sau 30 a awa, wato zagaye biyar, naira 750 ke nan. A zaman awa huɗu ya zama naira 3,000, kafin a zo maganar abin da ka zuba da ganin damarka. Wannan shi zai hana ka zama shiru, dole ka shiga don ka maido. Idan kuma mai zauren yana cire kasonsa, a ce kashi 5 cikin 100 na abin da aka tara a kowane rabo, kuma matsakaicin tarin naira 1,000 ne, to a awa huɗu ya kwashe naira 6,000 daga cikin 60,000 da kuka zo da su. Ku shidan nan sai ku tashi da 54,000, kowa yana zargin sa'arsa.

Masu koyar da foka da kansu suna shawartar ɗan wasa ya ware aƙalla ninki 20 na kuɗin zama kafin ya dawwama a kowane mataki, wasu ma sun ce fiye. A ƙaramin teburin naku naira 200,000 ke nan, a babban kuma miliyan 2. Dalilinsu shi ne ko gwani yakan yi dogon lokaci ana cinsa. Wannan shaida ce daga bakin masu abin, kuma ta isa amsa ga maganar kuɗin shayi.

Sannan ƙaramin mataki ba ya tsayawa inda yake. Tambayarka da kanta ta nuna haka: kun fara ba kuɗi, kuka koma 50 da 100, ga shi ana maganar 500 da 1,000. Da yayyafi kogi kan cika. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ciwon caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, kuma cikin alamomin da suka lissafa akwai buƙatar ƙara yawan kuɗi don a ji daɗin da ake ji a da, da komawa washegari don a fanshe asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa shi cikin cututtuka. Ba mu dogara da wannan wajen hukunci ba, amma ya nuna hikimar haɗa caca da giya a aya ɗaya.

Za ka iya cewa, duk da haka ai ƙaramin ya fi sauƙin sharri. E, ɓarnar wanda ya salwantar da kuɗin taki da man injin ban-ruwa da abincin iyalinsa ta fi ta wanda ya rasa naira 500, kuma zunubi yana ƙaruwa gwargwadon haƙƙoƙin da aka tauye. Amma ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin sharri biyu tana aiki ne ga wanda ya rasa mafita, dole sai ya faɗa ɗaya. Kai kana da hanya ta uku a buɗe, wato ka ƙi zubawa. Akwai ma wani haɗari da ƙaramin zubi ya keɓanta da shi: mai babban zubi ya san caca yake yi, wata rana zai iya tuba, amma mai ƙarami yana ganin ba abin da ya yi, sai ya shekara goma a kai. Mafi muni shi ne ya wayi gari yana cewa halal ne.

Ƙwarewa ko sa'a?

Ba mu musa cewa akwai ƙwarewa a foka ba. Wanda ya iya lissafi, ya iya karanta fuskar mutane, zai fi cin wanda bai iya ba idan aka daɗe ana yi. Amma wannan bai canza komai ba, saboda dalili biyu. Na farko, kartar da za ta fito ba a hannun kowa take ba. Mafi ƙarfin karta biyu da za a iya ba mutum a farkon rabo, wato as biyu, idan suka haɗu da wasu tagwayen karta da ba su kai su ba, kusan sau ɗaya cikin biyar ana cin mai su. Na biyu, kuma shi ne asali, shari'a ba ta rataya haramcin ga sa'a kaɗai ba. Da mutum biyu za su zuba kuɗi a kan dara ko kokawa ko ƙwallon ƙafa, wanda ya yi nasara ya kwashe, caca ce, ko da babu sa'a ko kaɗan a ciki. Hadisin Abu Huraira da ma'abota Sunan suka ruwaito ya taƙaita sanya lada a gasa ga abu uku: harbi, da tseren raƙuma, da tseren dawaki, saboda tanadi ne na jihadi. Ko a cikin waɗannan ukun Imam Malik ya tsananta. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, cewa a wurin Malik mutum ɗaya ne zai fitar da ladan. Idan wani ya riga shi ya ɗauka, idan kuma shi ya yi nasara ladan ya tafi ga wanda ke biye da shi, ba ya komawa aljihunsa. Idan haka aka yi wa sukuwar dawaki, wadda shari'a take ƙarfafawa, ina ga karta?

Wani abu kuma, ƙwarewar da ake yabo a foka rabinta iya ruɗi ne: ka nuna wa abokinka kana da ƙarfi alhali ba ka da komai, don ya tsorata ya bar maka kuɗinsa. Idan akwai gwani a majalisarku, ma'anarsa shi ne mutum ɗaya yana tatsar abokansa na ƙuruciya a hankali. Ayar Ma'ida ta ambaci gaba da ƙiyayya a matsayin abin da Shaiɗan yake nema ta hanyar caca, tare da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. An ruwaito daga Ibn Abbas da Ƙatada cewa a jahiliyya mutum yakan yi caca a kan dukiyarsa har da iyalinsa, sai ya tashi yana kallon abinsa a hannun wani, zuciyarsa cike da ƙiyayya. Wanda aka ci yakan yi dariya a zaure, amma ba da dariya yake kwana ba. Batun sallar asuba bayan zaman da ya kai ƙarfe biyun dare kuwa, kai ka fi mu sanin yadda take kasancewa.

Noman fadama ba caca ba ne

Mun san abin da ya sa ake faɗar wannan magana a yankinku. Manomin Auyo ko Kafin Hausa ko Kiri Kasamma ko Guri yana zuba iri da taki da kuɗin ƙwadago, ba shi da tabbacin ruwan da ya taso daga kogin Kano da na Challawa zai tsaya a inda ya saba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta shafe gonaki masu yawa a masarautar Haɗejiya. Ga ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa, ga tsuntsayen jan-baki da ke sauka a kan shinkafa. Kasada ce ba shakka. Amma Ibnul Ƙayyim, Allah Ya yi masa rahama, ya bayyana cewa kasada iri biyu ce: kasadar kasuwanci, inda mutum yake sayen haja da niyyar riba yana dogaro ga Allah, wadda halal ce, da kasadar caca, wadda ta ƙunshi cin dukiyar wani ba da haƙƙi ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce ka tambayi kanka, ribata daga ina ta fito? Idan damina ta yi kyau, kai ka samu, maƙwabcin gonarka ya samu, mai yankan shinkafa da mai sussuka da mai mota da mai injin casa duk sun samu, mai saye ya kai abinci gida, miskini ya karɓi zakka. Buhu ɗaya na iri ya zama buhuna masu yawa da ba su nan a da. Idan kuma ruwa ya ci, ba wanda ya sa asararka a aljihunsa, jarrabawa ce da ake samun lada a kan haƙurinta. A teburin karta kuwa naira 60,000 da aka zo da su ba za su haifi ko kwabo ba. Ba yadda za a yi ku ci gaba ɗaya. Duk nairar da ta shigo hannunka daga aljihun wanda ke zaune kusa da kai ta fito, kuma addu'arka ta samun nasara addu'a ce ta ya yi asara.

Idan an cire kuɗin fa?

Nan akwai saɓani. Game da nardu, wato wasan da ake jefa ƙwayoyi masu ɗigo, nassi ya zo da hani ko babu kuɗi: hadisin Buraida a Sahihu Muslim ya kamanta mai yinsa da wanda ya tsoma hannu a naman alade da jininsa, kuma a Muwaɗɗa akwai hadisin Abu Musa Al'ash'ari da ya kira shi saɓon Allah da ManzonSa. Alƙurɗubi ya kawo cewa Malik ya kasa maisir gida biyu, na wargi da na caca, ya sanya nardu da shaɗaranji a na farko. Karta ba ta nan a wancan zamani, sai malaman baya suka yi ƙiyasi. Da yawa, cikinsu har da Ibn Baz da Ibn Usaimin, sun hana ta ko babu kuɗi, saboda ta dogara da sa'a kamar nardu, tana cinye lokaci, tana jawo rantsuwa da husuma. Wasu sun sauƙaƙa da sharaɗin babu kuɗi, ba ta jinkirta salla, ba ta tauye haƙƙin iyali, ba zagi ba rantsuwar ƙarya. Abin da muke gani ga majalisarku musamman shi ne ku bar ta gaba ɗaya. Kun riga kun ɗanɗana ta da kuɗi, kuma mai koya muku ya faɗi gaskiya da ya ce foka ba ta armashi sai da kuɗi. Idan kuka koma lissafi da tsinken ashana ba za a daɗe ba wani zai ce a sa wa kowane tsinke farashi. Zumuncinku abu ne mai kyau, ba shi ake ce ku watsar ba. Ku haɗu, ku sha shayi, ku yi hira. Idan ana son a riƙa zuba kuɗi, ga adashi nan, wanda kowa yake karɓar daidai abin da ya zuba.

Mai zauren yana da nasa kason na alhaki ko da bai taɓa karta ba, domin aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo, kuma duk abin da ya cira a matsayin kason ɗaki haramun ne. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa labari ya kai wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa wasu da ke zaune a wani gida nata suna da nardu, sai ta aika musu cewa ko su fitar da shi ko ta fitar da su. Risala kuma ta karhanta zama wurin masu irin wannan wasa da kallonsu, duk da ta halatta yi musu sallama. Saboda haka zama a gefe kana kallo ba mafita ba ce. Ka faɗa musu dalilinka cikin ladabi da taushin harshe, ka tashi. Ka sani kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma caca laifi ce a ƙarƙashinta.

Abin da ya riga ya wuce

Wanda ya taɓa shiga sai ya tuba: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. Wanda ya kira wani zuwa wasan, ko ya ce a ƙara zubi, sai ya yi sadaka kamar yadda hadisi ya nuna. Khaɗɗabi ya ce ya bayar da gwargwadon abin da ya yi niyyar zubawa, Nawawi kuma ya rinjayar da cewa duk abin da ya sauƙaƙa ya wadatar.

Kuɗin da aka ci ba su zama mallakar wanda ya ci ba. Mafi yawan malamai suna ganin a mayar wa masu su idan an san su, kuma a majalisa irin taku an san kowa, sai a ƙiyasta gwargwadon iko, a rinjayar da abin da zuciya ta natsu da shi. Idan ba a san mai su ba, ko an kasa kaiwa gare shi ko ga magadansa, sai a bayar ga mabuƙata ko ayyukan amfanin jama'a da niyyar rabuwa da su. Wasu malamai sun ce a bayar da su ta wannan hanya tun farko, musamman idan an san mayarwar za ta koma teburi ne.

Bashin caca, wato abin da aka ci mutum bai biya ba, ba bashi ba ne a shari'a. Bai halatta a nema ba, bai halatta a biya ba. Amma wanda ya ranci kuɗi a hannun wani ya je ya yi caca da su, wannan rance yana wuyansa, dole ya biya.

'Yan'uwa mata sukan tambaya game da mijin da yake caca, ko ya halatta su ci abin da ya kawo. Idan yana da sana'ar halal kamar noma ko kasuwanci, dukiyarsa ta cakuɗa, to ya halatta ta ci ita da 'ya'yanta, domin ciyarwa haƙƙinsu ne a kansa, zunubin kuma nasa ne. Idan ta san wani kuɗi takamaimai na caca ne, sai ta guje shi matuƙar tana da wani abin. Ta yi masa nasiha a keɓe, kada ta ba shi jarinta ko kayan ɗakinta ko kuɗin adashinta idan ta san inda za su, kuma idan abin ya fara taɓa abincin gida tana da damar kai magana ga magabatansa ko nata, ko limamin unguwa, kuma wannan ba ya cikin giba ko tona asirin miji.

Allah ne Mafi sani.